Minti na Arba'in da Ɗaya

Kafin in fara aiki kullum, kwali nake jinginawa a gaban allon kwamfuta. Bangon wani tsohon littafin taswira ne, na ɗauko shi daga laburaren unguwarmu ranar da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata, sunana kuma yana cikin waɗanda aka sallama. Idan na jingina shi yakan rufe allon duka, sai ɗan siririn layin ƙasa inda agogon fim yake gudu. Daga nan sai in sa abin ji a kunne, in saurara tun daga farko har ƙarshe ba tare da na ga komai ba. Sai a zagaye na biyu nake ɗaga kwalin, shi ma a wuraren da ya zama dole a duba da ido.

Gara in faɗi aikin tun yanzu in huta. Kamfanin Mista Alfred fina-finan batsa yake sayarwa, irin waɗanda manya suke biya su kalla a intanet. A ƙarshen 2014 aka fito da sabuwar doka, aka ce abin da ake sayarwa a intanet ma sai ya bi ƙa'idojin da ake bi a kan faifan shago. Akwai abubuwan da aka hana nunawa sam, babba a cikinsu shi ne duk abin da ke nuna an tilasta wa mutum. Mista Alfred ya tsorata, ya nemi wanda zai zauna ya bi fina-finansa ɗaya bayan ɗaya ya rubuta inda za a yanke. A lokacin na yi wata bakwai a gida a unguwar Levenshulme ta Manchester ba aiki. Tallan ya ce ana neman mai lura, mai haƙuri, wanda ya iya cike takarda. Ban taɓa ganin tallan da ya kwatanta ni haka ba.

Ofishin yana saman wani shagon taya a unguwar Lozells, a Birmingham. Takardar aikin gida uku gare ta: lokaci, abin da ya faru, hukunci.

Da na samu aikin na ce wa mahaifiyata, Monica, “Mama, tace fina-finai ne, a Birmingham.” Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa maganar ba. Mama ta yi shekara goma sha biyar a Kano kafin mu taho Ingila, kuma a saninta mai tace fim ma'aikacin hukuma ne, wanda yake zuwa da mota ya kulle shago ya tafi da mai shi. Lahadin da ta biyo baya ta miƙe a coci a lokacin shaida, cikin zanen zumuntar mata, ta ce Ubangiji ya ɗaga 'yarta, gwamnatin Ingila ta ɗauke ta aikin share ƙazanta daga fina-finai. Aka yi guɗa. Ina benci na uku ina kallon takalmina. Da a ranar na gyara mata, wataƙila da an yi ɗan surutu an wuce. Na yi shiru, shirun ya yi wata uku.

Ranar wata Juma'a cikin Maris, bayan abincin rana, na buɗe fim mai lamba ɗari biyu da sha shida. Yana cikin tarin da Mista Alfred ya sayo a wajen wani dillali a ƙetare. Na jingina kwalina, na sa abin ji. An ɗora masa kiɗa mai ƙarfi, ya fi na sauran ƙarfi, har na rage sauti. Ina zane-zane a gefen takarda, hankalina rabi yana kan jirgin ƙasan da zan hau gobe zuwa gida, sai a minti na arba'in da ɗaya na ji muryar mace a ƙarƙashin kiɗan.

“Ku tsaya. Don Allah ku tsaya, ba haka muka yi da ku ba.”

Da Hausa.

Na cire abin jin na waiga, don na ɗauka wani ne ya shigo ɗakin. Ba kowa, sai hitar ɗumama ɗaki da ke ƙara a jikin bango. Na mayar da fim ɗin baya. Ta sake faɗa. Na mayar sau bakwai. Sau huɗu ta ce su tsaya. A na ƙarshe ta ce, “Wayyo Mama,” sai wani kuka da ban iya rarrabe kalmominsa ba, sai kiɗan ya rufe komai. Duka-duka daƙiƙa arba'in ne.

Na ɗaga kwalin kaɗan, iya fuskarta. Za ta yi sa'ata ko ta ɗan girme ni. Tana da 'yar wushirya. Na mayar da kwalin.

Mista Alfred yana nasa ɗakin yana tsoma biskit a shayi. Mutum ne mai kimanin shekara sittin, kullum cikin suwaita ruwan toka, hoton karensa a kan tebur. Bai taɓa yi mini maganar banza ba. Na gaya masa da Turanci, bakina yana harɗewa, ya saurara har biskit ɗin ya narke ya faɗa kofin.

“Kin tabbata ba cikin wasan ba ne?” ya ce. “Wani lokaci haka ake rubuta musu su faɗa.”

“Da don masu kallo ne, da Turanci za ta faɗa. Wa zai rubuta mata Hausa? Wa zai ji?”

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. “Ya Allah. Zauna, Celestina, kin tsaya kamar za ki gudu.”

Na zauna a bakin kujera.

“Hanya biyu ce,” ya ce. “Ta farko, ki rubuta sauti mara kyau, a yanke daƙiƙa arba'in ɗin. Abin da doka ta hana nunawa ya fita, ba mu nuna ba, shi ke nan. Ta biyu, ki rubuta abin da kika ji kalma da kalma. Idan kika rubuta, ba ni da ikon ɓoyewa. Lauyana zai ce a kulle fim ɗin a miƙa wa 'yan sanda. Kuma ba zai miƙa da maganarki ke kaɗai ba, sai an kira tafinta mai rajista ya zo nan ya zauna tare da ke, ya ji, ku sa hannu ku biyu.”

“Tafintan Hausa?”

“To na wane yare? Akwai kamfanin da ke turo su.” Ya kalle ni ta saman tabarau. “Ni dai ba zan ce miki ga wadda za ki ɗauka ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ta farkon ta fi mini sauƙi. Ki yi tunani zuwa Litinin.”

Ban gaya masa abin da nake tsoro ba. Tafintocin Hausa masu rajista daga Manchester har Birmingham da can su uku ne. Da aka rage musu abin da ake ba su, ɗaya ya koma gida, ɗaya ta kama aikin kula da tsofaffi. Saura mutum ɗaya, kuma na san hakan ne don shi da kansa yake yawan faɗa a bakin majami'a. Baba Bartholomew, dattijon ikilisiyarmu. Shi ya riƙe ni ranar baftismata. Shi ya yi magana a jana'izar mahaifina. Shi ne kuma ya ba ni ajin yara na makarantar Lahadi.

A Birmingham, a unguwar Selly Oak, ɗaki nake haya a wani gidan ɗalibai kusa da Bristol Road. Mutum ɗaya ce a duniya ta san ainihin aikina, Rahmatu, 'yar Azare da ke binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a jami'a. Na same ta a kicin da yamma tana soya albasa, ta buɗe taga don kada na'urar hayaƙi ta yi ihu.

“'Yar laburare, lafiya? Kin shigo kamar an ce miki an ƙone littattafan duniya.”

Na gaya mata. Ta kashe wutar ba tare da na roƙe ta ba.

“Inna lillahi. 'Yar gida?”

“Harshenta kamar na wajenmu.”

“To ni in je in ji mana. Hausa dai ba a fi ni ba. In rufe ido in sa hannu, a bar tsohon nan ya huta.”

“Ba ki da rajista.”

“Rajista! Yaren uwata sai na nemo masa takarda.” Ta ja kujera ta zauna. “Kuma in an ji a gida cewa kuɗin karatun da aka ba ni na ƙare a saman shagon taya ina sauraron wannan, ai sai dai a turo mini tikiti. Bari ma in janye tayin tun da girmana.”

Na yi dariya, dariyar ta koma wani abu dabam, ta miƙo mini tawul ɗin kwanuka.

“Tina, in kin yanke, wa zai sani?”

“Babu.”

“In ba ki yanke ba fa?”

“Kowa. Mama ta tsaya gaban mutane, Rahmatu. Ba ki san yadda abin yake ba. Tun rasuwar Baba ba ta da komai sai zumuntar nan. Daga shift ɗin aikinta sai coci, daga coci sai shift.”

“Na sani mana, mu ma haka muke, wurin taruwar ne ya bambanta.” Ta miƙe ta sake kunna wutar. “Ni ba zan ce miki komai ba. Ki ci abinci dai, don in kika suma ban san lambar likitanki ba.”

Ranar Asabar na hau jirgi zuwa Manchester da littafi a hannu, ban wuce shafi ɗaya ba.

Majami'armu zaure ne da ake haya a saman wani shagon kafet a Stockport Road. Bayan sujada ranar Lahadi ina tattara fensiran yara sai ga Baba Bartholomew da takardu a hannu, hularsa ta malafa a hammata. Dogo ne, muryarsa a hankali take fita, shi ya sa kowa ke yin shiru idan ya fara magana. Na durƙusa na gaishe shi.

“Tashi, 'yata, tashi. Ma'aikaciyar gwamnati ba ta durƙuso a kan kafet ɗin haya.” Ya yi dariya. “Ya Birmingham? Suna ba ki abinci kuwa? Monica, 'yar nan taki ta rame.”

“Karatu ne, Baba,” Mama ta ce daga bayana. “Ko a jirgi ba ta ɗaga kai.”

Ya nuna mini takardun. Wasiƙa ce da iyaye suke sa wa hannu, ta goyon bayan a ƙara tsaurara dokar fina-finan nan don kare yara. “Mako mai zuwa za mu yi taron matasa bayan sujada,” ya ce. “Na sa sunanki a sanarwa. Minti goma kawai. Ki gaya musu abin da gwamnati take yi, daga bakin wadda take ciki. Yaran nan da Turancinsu na Manchester ba sa jin tsofaffi irina, amma ke za su ji ki.”

“Baba, ni ban iya magana gaban mutane ba.”

“Kunya ce,” Mama ta ce, tana gyara mini wuyan riga. “Tun tana ƙarama haka take. Za ta yi.”

“Ku kuna samun aikin tafinta yanzu, Baba?” na tambaya. Ban san me ya sa ba. Wataƙila ina fatan ya ce ya daina.

“Ai ni kaɗai na rage, 'yata. Jiya Leeds, shekaranjiya asibiti. In dai Hausa ce, ko a ina ne, wayata ce za ta yi ƙara.”

Litinin da safe na riga kowa zuwa ofis. Na ɗauko takardar. A gida na farko na rubuta lokacin. A gida na biyu na rubuta “sauti”, na tsaya.

Abin da ya tsayar da ni ba wani babban tunani ba ne. Na tuna yadda ake yankan ne kawai. Mai haɗa hoto yakan ɗauki takardata, ya cire wurin, ya ajiye sabon, tsohon kuma a share shi bayan wata guda don kada a same mu da abin da doka ta hana. Wato fim ɗin zai fita tsaf. Mutane za su biya su kalle ta minti arba'in kafin wurin, da minti goma sha biyu bayansa, kuma a duk duniya ba za a sake samun inda ta ce su tsaya ba. Wanda ya ɗora kiɗan ya yi ƙoƙarin rufe bakinta bai iya ba. Ni ce zan ƙarasa masa, da birona, da rubutuna mai kyau da malamai suke yabawa.

Na soke kalmar da layi ɗaya. Na rubuta abin da ta faɗa da Hausa, na rubuta fassararsa a ƙasa. A gida na uku na rubuta: kada a yanke, kada a sayar. Na kai wa Mista Alfred kafin in canza ra'ayi.

An ce tafinta zai zo ranar Alhamis ƙarfe biyu. Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Rahmatu ta ce ina wanke kofi ɗaya sau uku.

Biyu saura minti biyar na ji takunsa a matattakala, a hankali, yana hutawa a tsakiya saboda gwiwarsa. Na san takun kamar yadda na san na Mama. Mista Alfred ya buɗe masa ƙofa. Ya shigo da jakar fatarsa, katin aikinsa a rataye a wuya, ya cire hula. Idonsa ya fara sauka a kan kantar faifai da ke baranda, ya ɗauke shi da sauri. Sai ya sauka a kaina.

Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu don durƙuson gaisuwa, kamar yadda suka saba tun ina 'yar shekara huɗu. Mista Alfred ya zaci faɗuwa zan yi, ya riƙo gwiwar hannuna.

“Lafiyarki? Wannan ita ce Celestina,” ya ce masa. “Ita ta gano abin.”

Baba Bartholomew ya ɗauke idonsa daga kaina. Sannan ya ce da Turanci, da muryar aiki, “Barka da rana. Ina zan zauna?”

Na ja masa kujerata. Ya zauna, ya fito da takarda da biro biyu ya jera su. Ya dubi allon, ya dubi bangon littafin taswirar da ke jingine a gabansa.

“Dole ne in kalla?” ya tambayi Mista Alfred.

“Ba dole ba ne. Ita ma haka take yi, da kwalin nan. Da ta yi aiki yadda sauran suke yi, da ba ta ji ba.”

Na miƙa masa abin ji. Na kai agogon minti na arba'in da ɗaya, na danna. Ba na jin komai daga inda nake tsaye, fuskarsa kawai nake gani. Ya rufe ido. Can sai ya buɗe su, ya kafa su a kan kwalin.

“Maimaita,” ya ce. Da Hausa wannan karon.

Na maimaita. Ya rubuta.

“Kuma. Ki bar shi ya wuce inda take kuka.”

Sau biyar ya ji. A na biyar ya ɗaga hannu, ya danna abin jin a kunnensa da ƙarfi, ya rubuta wani layi da babu shi a takardata. Ya juyo da takardar in gani. Rabe, kai ka ce mini aikin otal ne.

“Ba kuka ba ne kawai,” ya ce. “Suna ta kira. Na sha jin irin wannan muryar a ɗakunan tambayoyi, in mutum yana magana numfashinsa yana yankewa.” Ya fassara wa Mista Alfred. Mista Alfred ya zagi iska, ya ba da haƙuri, ya ce bari ya kira lauya. Ya fita ya ja ƙofa.

Muka rage mu biyu da ƙarar hita.

“Baba,” na ce.

“Tun yaushe?”

“Tun Disamba.”

“Uwarki ta sani?”

“A'a.”

Ya mayar da murfin bironsa a hankali. “Kin san ni za a kira.”

“Na sani.”

“Ranar Lahadi, da kike tambayata, kin riga kin sani.”

“E, Baba.”

“Mutumin nan ya ce mini a waya akwai wata hanyar. Da kin bi ta, da ina Leeds yanzu, ina cewa 'yarmu tana aikin gwamnati.” Ya dube ni sosai, karo na farko tun shigowarsa. “Me ya hana ki?”

Na shirya amsoshi da yawa cikin kwana ukun nan, masu tsawo. Duk suka gudu. “Sau huɗu ta ce su tsaya,” na ce.

Bai ce na kyauta ba. Ya sa hannu a ƙasan takardar, ya turo mini na sa nawa a ƙarƙashin nasa.

“Abin da na ji a ɗakin nan ba zai fita daga bakina ba. Na yi rantsuwa a kan haka, aikina ke nan. Amma ki ji da kyau, Celestina. Ba zan tsaya gaban jama'ar Allah ranar Lahadi in kira ki da abin da na san ba shi ba ne. Kuma ba zan bar miki yaran nan iyayensu ba su sani ba. Wurin nan ba wurin 'yar Monica ba ne, wannan ra'ayin nawa bai canza ba.” Ya miƙe da ƙyar, ya dafa tebur. “Ke za ki gaya mata. Kada ta ji a bakin kowa, kada kuma ta gane daga shiruna.”

A bakin ƙofa ya tsaya ya sa hularsa. “Yarinyar nan,” ya ce, “harshenta na wajenmu ne.” Ya sauka, yana hutawa a tsakiya.

Ranar Asabar na koma Manchester. Da rana Mama ta dawo daga shift ɗin safe, ta ɗora gwaten acca. Tana yanka yakuwa na tsaya a bakin ƙofar kicin na gaya mata. Na fara daga kamfanin, don na san in na fara daga yarinyar zan ɓoye a bayanta. Wuƙar ta tsaya. Tukunyar tana tafasa, ba wanda ya kula ta.

“Ba gwamnati ba,” ta ce.

“A'a, Mama.”

“Masu sayarwa.”

“E.”

“Da idonki kike kallo?”

“Galibi da kunne. Akwai wani kwali da nake...”

“Kwali.” Ta ajiye wuƙar. “Na tsaya gaban mutane, Tina. Na ɗaga hannu sama. Maman Justina ta rungume ni tana kuka. Kina zaune kina kallona.”

“Mama, ki yi haƙuri.”

“Da kin ce mini ba aiki, ai da na ƙara shift. Na taɓa ce miki na gaji?”

Na ƙarasa mata sauran a tsaye, har zuwan Baba Bartholomew. Ba ta juyo ba. Ta ce in fitar mata daga kicin, na fita. Na zauna a matattakala ina jin gwaten yana kamawa a gindin tukunya, ƙaurinsa ya cika gidan.

An fi awa guda kafin ta fito. Ta tsaya a ƙasan matattakala, idanunta jajur.

“Yarinyar. An san sunanta?”

“A'a. Sunan wanda ya kai ta kawai aka samu. Yana hannun 'yan sanda.”

“Me ta ce a ƙarshe? Kin ce ta faɗi wani abu.”

“Ta ce wayyo Mama.”

Ta riƙe ƙarfen matattakalar. Sannan ta koma kicin, na ji tana kankare tukunya.

Ranar Lahadi ba ta ɗaura zanen zumunta ba. Wata doguwar riga ruwan ƙasa ta saka, wadda take zuwa ganin likita da ita. Ni na wuce bencin ƙarshe. Da aka zo lokacin shaida ta miƙe.

“'Yan'uwa, watanni uku da suka wuce na faɗa muku abin da ba haka yake ba,” ta ce. “A nan na faɗa, a nan zan gyara.” Ta faɗi inda nake aiki da abin da ake sayarwa a wurin, cikin jimla biyu, ba ta ƙawata ba. Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata ta ce, “Yesu!” Wani yaro ya tambayi uwarsa da Turanci me aka ce, aka daka masa tsawa. Mama ta jira har aka yi shiru. “Kuma ina roƙon addu'a don wata yarinya 'yar gida da ba mu san sunanta ba. Tana wani wuri a ƙasashen nan. Uwarta ba ta san inda take ba.”

Baba Bartholomew ne ya yi addu'ar. Da ya karanta sanarwa, ya ce an ɗage taron matasa, kuma daga yau Justina ce za ta riƙe ajin yara. Bai dubi inda nake ba. Matar da ke gefena ta ɗauke jakarta daga tsakaninmu ta ɗora a cinya, can kuma ta tashi ta koma gaba.

Har yau ban sani ba ko an samu yarinyar.

Mama ba ta koma layin 'yan zumunta ba. Ta ratso tsakiyar zauren, kowa yana binta da ido, ta zo ta zauna a wurin da matar nan ta bari. Ba ta kalle ni ba. Aka kira lambar waƙa, ta buɗe littafinta, ta daɗe tana neman shafin duk da ta san shi da ka. Sannan ta turo rabinsa kan gwiwata.

“Riƙe wancan gefen,” ta ce. “Hannuna ya gaji.”